Sa Hannun Malam Dunoma

Rafin Tsamiya, Gwiwa
6 ga Nuwamba

Zuwa ga jikata Ummu Salma, Amaryata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da kakarki Aisa da duk mutanen gida. Ina fata kina lafiya, kuma Dutse ta karɓe ki.

Ranar da babanki ya kawo labarin an ɗauke ki aiki a majalisa, ina lambu ina dashen albasa. Na bar dashen a nan na taho gida da laka har gwiwa. Na gaya wa liman, na gaya wa mai shayi, na gaya wa mai faci. Ranar kasuwar Roni har waɗanda ban sani ba na tsayar na gaya musu. Kakarki ta ce in rage, kada mutane su ɗauka ke ce gwamna. Ban rage ba.

Babanki ya ce in kira ki a waya, na ƙi. Shekara sittin da takwas na yi ina dangwala yatsa a takarda kamar mai ɗanɗana miya, kafin Malama Zubaida ta zaunar da mu ajin yamma a firamare, mu tsofaffi arba'in. Yau shekara huɗu ke nan. Wanda ya sha wannan wahala ba zai bar biro ya kama waya ba. Kuma wayar gidan nan ta matar kawunki Kashim ce, in ana magana duk tsakar gida na ji. Wasiƙata za ta riƙa zuwa miki ta hannun Sama'ilu direba, mai lodin Dutse.

Babanki ya ce aikinki a kwamitin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati yake. Ki yi mini bayani yadda zan gane, don mutane na tambayata ina ta kame-kame.

In kuwa haka aikin yake, ga wata 'yar tambaya. Shekaranjiya mun ji a rediyo cewa hukumar nan da ke raba kayan noman rani tana neman kuɗi a kasafin baɗi, wai na gyaran injinan ban-ruwa da ta raba a ƙasar Gwiwa da Roni da Babura. Har sunan Rafin Tsamiya aka kira. Mu da ke zaune muka dubi juna. Inji biyu ne a duk fadamarmu, na wani ɗan kasuwa ne, haya muke yi da awa. To wane inji za a gyara? Ban ce wani ya yi wani abu ba. Na dai ce ki duba, tunda yanzu muna da ido a can.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki daga sharrin ofis. Kada ki yarda wani mai hular zanna ya ƙwace mini ke.

Angonki,
Dunoma Kyari, da hannunsa


Dutse
11 ga Nuwamba

Zuwa ga Kakana Malam Dunoma,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Kaka Aisa. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau uku. Rubutunka ya fi na wasu da ke nan kyau.

Ga yadda aikin yake. Kowace hukuma ana ba ta kuɗi a farkon shekara. Kafin a ba ta na gaba, sai ta zo gaban kwamiti da takardunta ta nuna abin da ta yi da na baya. 'Yan majalisa su ke tambaya. Ni ƙaramar akawu ce, ina jera takardu, ina duba ko rasit ya yi daidai da abin da aka rubuta. Wata shida zan yi ana gwada ni kafin a tabbatar da ni.

Na duba abin da ka ce. Kaka, ka zauna kafin ka karanta sauran.

A fayil ɗin hukumar akwai takarda mai kwanan watan Fabrairun bara. A samanta an buga cewa waɗannan su ne manoman Rafin Tsamiya da suka karɓi injin ban-ruwa, kowa ɗaya. Mutum arba'in ne. Na bakwai kai ne. Ba dangwale ba ne, da sai in ce kowa na iya yi. Rubutu ne, kuma na san D ɗinka mai ƙaton ciki. Ga fotokwafi na haɗo maka.

Ina jin kunyar tambayar nan, amma gara ni in yi ta da wani ya yi. Ka karɓa? Hukumar ta rubuta cewa manoma da yawa sukan karɓi inji su sayar wa mutanen Nijar ta wajen Babura a ba su sefa, daga baya su ce ba su gani ba. Na tuna a farkon bara ne aka yi wa Kaka Aisa aikin ido, kuma ban taɓa jin inda kuɗin ya fito ba. In haka ne ka gaya mini, ba zan ga laifinka ba, amma dole in sani.

Shugabana a ofis, Malam Muhammadu Lawal, ya riga ya ga sunan. Ya tambaye ni ko Kyarin nan da nawa ɗaya ne. Na ce kakana ne. Sai ya rubuta wani abu a littafinsa. In aka tabbatar kakana ya karɓi kayan gwamnati ya sayar, kuma ni ke riƙe da fayil ɗin, ba na jin zan kai wata shidan nan. Hukumar za ta bayyana gaban kwamiti ranar huɗu ga Disamba.

Ka yafe mini in na ɓata maka.

Jikarka,
Ummu Salma


Rafin Tsamiya
14 ga Nuwamba

Ummu Salma,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Kuɗin idon kakarki bijimina ne, jan nan. A kasuwar Roni na sayar da shi, babanki ne ya ja igiyar. Ki tambaye shi. Ban karɓi inji ba, ban gan shi ba, kuma rabona da riƙe sefa tun ina fataucin goro kafin a haifi babanki.

Amma takardar da kika aiko na kai ta hasken rana na duba. Hannuna ne. Na so in ce wani ya kwaikwaya, na kasa, don har inda biro yakan tsaya mini a wajen harafin m yana nan.

Na zauna na lissafa duk inda na taɓa sa hannu. A banki a Kazaure. A takardar asibiti. A littafin masallaci. Na zargi sakataren ƙungiyar manoma, kwana biyu ina amsa gaisuwarsa a daƙile. Sai jiya na sake karanta sunayen tun daga sama, na ga na ashirin da biyu Mu'minat mai daddawa ce, wadda ko taƙi ɗaya ba ta da shi a fadama. Na talatin wanzaminmu ne. Na kai ƙarshe na gane ba manoma aka jera ba. 'Yan ajinmu ne, duka arba'in, a yadda muke zama a benci.

Na fara tuna wani abu, amma sai na tambayi wani mutum tukuna. Kada ki ce wa kowa komai.

Ki huta lafiya.

Dunoma Kyari


Rafin Tsamiya
15 ga Nuwamba

Zuwa ga aminina Alhaji Na'Allah, a Kazaure,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Yaya ƙafar? Bafillace, yau ba da wasa na zo ba.

Ka tuna shekarar da muka fara ajin yamma, kamar wata huɗu da farawa, ka zo mana da baƙi bayan la'asar? Kai ne a gaba da babbar riga, sai ɗanka Ahmad da ke aiki a hukumar kayan noman rani, da wani mai tabarau da kuka ce babba ne a wajen. Kun raba mana biro sabo kowa ɗaya. Mai tabarau ya ce ya ji labarin tsofaffin da suka koyi rubutu, bai yarda ba sai ya gani da idonsa. Ahmad ya miƙo takarda mai layi-layi, ya ce kowa ya gwada rubuta sunansa. Har rububi muka yi. Ni da nawa ya yi kyau na ɗaga takardar ina nuna wa na baya, aka tafa mini.

Yanzu na tuna saman takardar a naɗe yake, an lanƙwasa shi baya. Ba wanda ya buɗe. Mu lokacin rubuta suna muka iya, ba mu san ana karanta takarda kafin a sa mata hannu ba.

Wannan takarda yau tana majalisa, an buga a samanta cewa mun karɓi injin ban-ruwa arba'in. Shekara hamsin muna tare, tun kana yaron hakimi ina kawo muku goro. Ka gaya mini: ka san abin da za a yi da ita ranar da ka kawo su, ko kai ma biro aka ba ka?

Ina jiran amsa ta hannun Sama'ilu.

Amininka,
Dunoma


Kazaure
19 ga Nuwamba

Zuwa ga Babarbarena Malam Dunoma, shugaban ɗaliban Rafin Tsamiya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka da zuriyarka. Na ga takardarka, na yi murna da ganin yadda hannunka ya faɗa. Ƙafa da sauƙi, sai dai hawan dutsen unguwarmu ya fara gagarata.

Aminina, ka ɗauki abin da zafi. Ni rakiya na yi, kamar yadda na saba raka baƙi tun ina bakin aiki. Abin da ofis ke yi da takarda ba a gaya wa ɗan rakiya. Na kira Ahmad na tambaye shi. Ya ce aikin gwamnati haka yake, wani lokaci takarda kan riga kaya isowa, a rufe lissafin shekara, kaya su biyo baya. Jinkiri ne aka samu. Shi kuma ƙaramin ma'aikaci ne, da 'ya'ya huɗu, abin da aka miƙa masa yake miƙawa.

Ga abin farin ciki. Manyansa sun ji kukanka. Naka injin zai iso maka kafin Juma'a, da tiyonsa. Na sauran za a duba bayan an wuce kasafi. In wani ya zo tambaya, sai ka nuna masa injinka ka ce ka karɓa, ba ka yi ƙarya ba. Rana da wata ba abin da tsoho kamarka zai riƙe ba ne.

Ka kuma duba wajen yarinyar nan Ummu Salma. Na ji gwaji take yi. In inji yana zaurenka, takarda ta yi daidai, sunanka ya fita, ba mai sake tambayarta komai. In kuwa aka shiga ce-ce-ku-ce, manya za su sasanta kansu, ita da Ahmad ne za a tuna da su. Ni da kai mun ga irin wannan da yawa.

Ka gaida mini Aisa. Wannan takarda tsakaninmu ce, ba sai an ajiye ta ba.

Naka har kullum,
Na'Allah


Rafin Tsamiya
23 ga Nuwamba

Zuwa ga Ummu Salma,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya.

Na gano inda na sa hannun. A aji ne, shekarar farko, ranar da Alhaji Na'Allah ya kawo ɗansa Ahmad da wani babba daga hukumar suka ce mu gwada rubuta suna su gani. Saman takardar a naɗe yake. Laifina da na gani shi ne ɗoki.

Na rubuta wa Na'Allah. Amsarsa ta zo, bayanta kuma inji ya zo. Ranar Alhamis a-kori-kura ta tsaya ƙofar gida, mutum biyu suka sauke shi a zaure suka ce daga hukuma. Sun kawo takarda in sa hannu, na ce biro ya ƙare. Sun miƙo nasu, na ce idona na ciwo. Da suka tafi na duba shi. Kwalinsa sabo, fentinsa kore har yana kama hannu, amma na leƙa bakin da ruwa ke shiga na ga busasshiyar laka. Wannan inji ya sha ruwan wata fadama kafin tamu. Ban san wa aka ƙwace wa ba.

Kashim yana ta zagaya shi, yana lissafin kuɗin hayar da za mu huta biya. Na hana shi taɓawa. Maƙwabta kuma sun fara leƙe. Mu'minat ta tsaya a ƙofa ta ce ashe mai jika a majalisa ba ya rasa rabo. Maganar ta yi mini ciwo, don in ni ne ita haka zan zata.

Na'Allah ya ce in na riƙe injin na ce na karɓa, sunana ya fita, ke ma kin huta. Ya san gwaji kike yi. Na juya maganar, na ga ta wani gefen gaskiya ya faɗa. Ni na kawo wannan tambaya tun farko, kuma aikinki ne a kan layi, ba nawa ba. Saboda haka ba zan yanke ni kaɗai ba. Ki gaya mini abin da kike so.

Kakanki,
Dunoma Kyari


Dutse
27 ga Nuwamba

Zuwa ga Kakana,

Assalamu alaikum. Kafin komai ina neman gafararka. Na tambayi Baba maganar bijimi, ya yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina firamare. Na cancanta.

Bayan wasiƙarka na sake ɗauko takardar, na ga abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Ba Kyari ka rubuta ba, Kiyari ka rubuta. Ka tuna Babbar Sallar shekara uku da suka wuce, da ka nuna mini littafinka na ce ka saka harafin da ba ya cikin sunanmu? Ka ce Malama ta ce kowa ya rubuta yadda yake ji a bakinsa, kuma mutanen garin haka suke kiran sunan. Na ɗauko takardar makarantata na nuna maka, ka yi fushi, sannan ka gyara. Tun ranar ba ka sake sa wannan harafi ba. To takardar hukuma ta ce a Fabrairun bara ka sa hannu. Katinka na banki ya girme ta, kuma Kyari ka rubuta a jikinsa. Ka nemo shi, ka roƙi Malama Zubaida rajistar aji da tsofaffin littattafanku.

Da na ga Alhaji Na'Allah ya san gwaji nake yi, na zargi Malam Muhammadu Lawal da kai musu labari. Kwana biyu ina ɓoye fayil a jakata. Sai na tuna wanda ya tsayar da mutane a kasuwar Roni yana ba su labarina. Duk da haka ban saki jiki da kowa ba.

Jiya na je wajen shugaban kwamiti na gaya masa na bakwai a takardar kakana ne, na roƙi a karɓi fayil ɗin daga hannuna. An karɓa. Na kuma ce akwai mai son ba da shaida, ya ce ƙofa a buɗe take ranar huɗu ga wata.

Ka tambayi abin da nake so. Ina son aikin nan, Kaka, ba zan ɓoye maka ba. Na san abin da Baba ya sayar kafin in gama karatu. Amma in ka ce ka karɓa, an rufe maganar mutum talatin da tara da bakinka, kuma duk shekara hukumar nan ta zo, ni zan jera mata takardu ina sane. Ban san yadda zaman zai ƙare ba, ba kuma wanda ya yi mini alkawarin komai. Ka zo.

Amaryarka, in ba ka sake ta ba,
Ummu Salma


Rafin Tsamiya
6 ga Disamba

Zuwa ga Alhaji Na'Allah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Na san labari ya riga ni zuwa, amma gara ka ji daga wanda ya yi.

Na je Dutse ranar huɗu ga wata. Mu uku ne, da Malama Zubaida da Mu'minat mai daddawa, sai injin a bayan motar Sama'ilu. Masu gadi suka hana a shiga da shi, muka bar shi a bakin ƙofa kowa na wucewa yana kallo.

Ɗakin kwamitin yana da sanyi kamar randa. 'Yan majalisa na zaune a dogon tebur, mutanen hukuma a gefe, mai tabaraun nan a tsakiyarsu, Ahmad a bayansa riƙe da jaka. Jikata tana can ƙarshen ɗaki, an hana ta taɓa takarda ko ɗaya. Duk da haka, Bafillace, da na gan ta da katin aiki a wuya sai da na share ido.

Mai tabarau ya yi magana mai tsawo da Turanci, aka fassara mana. Ya ce injina sun isa hannun manoma, ga sa hannunsu, amma tsofaffi sukan manta, wasu kuma sukan sayar. Shugaban kwamiti ya tambaye ni ko hannuna ne a layi na bakwai. Na ce nawa ne. Na ga mai tabarau ya gyara zama. Shugaba ya ce a ba ni takarda in rubuta sunana a gwada. Aka ajiye mini fara fat. Na juya bayanta, na duba ko an naɗe wani gefe, sannan na ce:

"Ranka ya daɗe, na daina sa hannu a farar takarda. A rubuta a sama abin da za a yi da shi."

Ɗakin ya yi dariya, shugaba bai yi ba. Ya karɓi takardar ya rubuta da hannunsa cewa wannan gwajin rubutu ne gaban kwamiti, ya sa kwanan wata. Na karanta da ƙarfi, a hankali, ba wanda ya katse ni. Sannan na rubuta.

Suka ga Kyari a nan, Kiyari a can. Na ba da katin banki. Malama ta buɗe rajista, aka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, suka zo daidai da jerin benci. Wani ɗan majalisa ya ce harafi ɗaya ba hujja ba ne, mutum na iya kuskure kowace rana. Mu'minat ce ta ɗaga hannu kamar a aji, ta ce ita dai ba ta da gona, a tambayi mai tabarau ko daddawa ake yi wa ban-ruwa, in kuma nata injin yana nan a ba ta ta sayar ta sayi kalwa.

Aka kira Ahmad. Ya ce shi ya zagaya da takardar a aji, ya kai ofis, bai san wanda ya buga rubutun sama ba. Aka tambaye ni ko a naɗe ya miƙo ta. Na dube shi, yaron da aka yanka wa rago ina riƙe da ƙafa. Na ce a naɗe take. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Sun tambayi wanda ya aiko injin da ke ƙofa. Na ce masu motar sun ce daga hukuma. Wasiƙarka ban nuna ba, ban kuma ƙona ta ba. In suka kira sunanka suka tambaye ni, zan faɗa. Gara ka sani tun yanzu.

Kwamiti ya dakatar da kuɗin gyaran, ya ce mai binciken kuɗi ya je Gwiwa da Roni da Babura ya ƙirga injina da idonsa. Injin sun riƙe, sun ba ni rasit. Maganar jikata ba a ce komai ba tukuna.

Har yanzu ba ka amsa tambayar da na yi maka ba. Ranar kasuwa zan shigo Kazaure. In ka ce in hawo dutsen, zan hawo.

Dunoma


Dutse
20 ga Disamba

Zuwa ga Angona Malam Dunoma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Kaka Aisa.

An karanta rahoton kwamiti jiya. A shafi na goma sha huɗu an rubuta cewa mutanen Rafin Tsamiya arba'in ba su karɓi komai ba. Zan aiko maka da shafin ka karanta wa 'yan aji da kanka. An dakatar da mai tabarau da Ahmad har a gama bincike.

Ba a kore ni ba. Ba a kuma tabbatar da ni ba, sai watan Afrilu. Tunda kakana shaida ne, doka ta ce in bar kwamitin har a rufe maganar, saboda haka an mayar da ni ɗakin ajiyar takardu a ƙasan bene. Malam Muhammadu Lawal ya kawo ni da kansa, ya ce in ɗauka hutu aka ba ni. Har yanzu ban gane ko da wace fuska ya faɗa ba.

Ɗakin ba taga, ba mai shigowa. Fayil ɗin hukumomi goma sha tara ne a ciki, na shekara goma, kuma makullin yana hannuna. Na fara da na farko yau da safe.

Wannan karon don Allah kada ka gaya wa mai shayi.

Taka,
Ummu Salma